Ƙarancin Cip da Kasuwar Motoci: Daga Annoba Zuwa Siyasar Manyan Ƙasashe

 

 An nemi in yi bayani kan ƙarancin cip ɗin kwamfuta da duniya ta yi fama da shi daga ƙarshen 2020 zuwa 2023, da yadda ya bar filayen sayar da motoci wayam a Amurka da Turai. Yawanci annobar korona ake ɗora wa laifin abin da ya faru. Ni abin da zan kafa hujja a kansa yau shi ne, annobar asiri kawai ta tona. Raunin yana nan tun kafin ta zo, kuma da ta tafi sai ya koma hannun gwamnatoci, suka mayar da shi makami.

Abin da cip yake yi a cikin mota

Duk wanda ke da katin ATM ko layin waya yana yawo da cip a aljihunsa, a ƙarƙashin ɗan farantin nan mai ruwan zinariya. Ɓallin silikon ne ƙarami da aka zana wa hanyoyin lantarki masu yawan gaske, yana karɓar saƙo, ya yi lissafi, ya ba da umarni. Motar zamani tana ɗauke da irin waɗannan sama da 1,000. Akwai mai auna man da inji zai sha, akwai mai hana birki kullewa, akwai mai fasa jakar iska idan an yi karo, akwai na sitiyari, na giya, na fitilu, har da mai ɗaga gilashi. Da yawansu kuɗinsu bai kai dala ɗaya ko biyu ba. Amma idan na birki ya yi ɓatan dabo, motar dala 50,000 ba za ta bar masana'anta ba. Raina kama ka ga gayya ke nan.

Kamfanin mota ba ya sayen cip kai tsaye. Volkswagen ko Ford suna sayen haɗaɗɗun sassa ne daga irin su Bosch da Continental da Denso. Su kuma waɗannan suna sayen cip daga Infineon ta Jamus, NXP ta Holan, Renesas ta Japan, STMicroelectronics da Texas Instruments. A nasu ɓangaren, waɗannan kamfanoni suna miƙa wani kaso mai yawa na aikinsu ga masana'antun da ke ƙera wa wasu cip a kan kwangila, kuma babba a cikinsu ita ce TSMC ta Taiwan. Saboda tsawon wannan sarƙa, manyan kamfanonin mota da dama ba su san a wace masana'anta ake yin cip ɗin da ke cikin motocinsu ba sai da aka daina kawo musu shi.

Abu biyu kuma ya kamata ku riƙe. Na farko, ƙera cip aiki ne mai cin lokaci. Faifan silikon yana bin matakai ɗaruruwa, kuma yakan ɗauki wata uku ko fiye kafin ya fito. Gina sabuwar masana'anta kan ci dala biliyan 10 zuwa 20, da shekaru biyu zuwa huɗu. Na biyu, cip ɗin mota tsohuwar fasaha ce. A 2020 wayoyin hannu masu tsada sun kai ga cip mai awon nanomita 5, alhali na mota yawanci yana kan nanomita 40 ko 90 ko sama da haka. Dalili shi ne ana son wanda aka daɗe ana gwadawa, wanda zai jure sanyin digiri 40 ƙasa da sifili da zafin da ya haura digiri 100, ya yi shekara goma sha biyar yana aiki a gefen inji. Ribarsa kaɗan ce, don haka masu zuba jari ba su ɗokin gina masa sababbin masana'antu. Kuma ba a sauya shi da wani dare ɗaya, domin gwajin amincewa da sabo kan ɗauki watanni masu yawa.

Yadda aka faɗa cikin matsala

Da aka rufe gari a watannin Maris da Afrilun 2020, kamfanonin mota sun ɗauka ciniki ya mutu, sai suka soke odar da suka bayar. Tsarinsu ne ya gada haka. Tun da Toyota ta koya wa duniya dabarar rashin tara kaya a sito, inda ake kawo sassa daidai lokacin da za a ɗaura su, kowa ya bi sahu. A daidai wannan lokacin kuma mutane na kulle a gida suna aiki da karatu ta intanet, suna rububin kwamfutoci da wayoyi da na'urorin wasa. Masana'antun cip suka ba waɗannan gurbin da masu mota suka bari.

Kafin ƙarshen shekara cinikin mota ya farfaɗo, ya fara daga ƙasar Sin. Masu mota suka dawo, suka tarar da abin da mutum kan tarar idan ya janye yadinsa daga wajen tela a farkon azumi, sannan ya dawo da shi ana saura kwana uku Sallah. A nan ne suka gane matsayinsu. A 2020, abin da TSMC ta samu daga ɓangaren motoci kusan kashi 3 cikin 100 ne na cinikinta, wayoyin hannu kuwa sun kawo mata kusan rabi. Kamfanonin da suka saba ba masu kawo musu kaya umarni sai ga su a bayan layi.

Daga nan masifu suka yi ta zuwa a jere. A Fabrairun 2021 tsananin sanyi ya katse lantarki a jihar Teksas, masana'antun Samsung da NXP da Infineon da ke birnin Austin suka tsaya. Ranar 19 ga Maris gobara ta tashi a masana'antar Renesas da ke Naka a Japan, kamfanin da ke samar da kusan kashi 30 cikin 100 na ƙananan cip masu sarrafa sassan mota a duniya. A wannan shekarar Taiwan ta ga farin da ba ta ga irinsa ba cikin sama da shekara hamsin, har TSMC, wadda ke buƙatar ruwa sama da tan 150,000 a kullum, ta koma ɗauko ruwa da tankoki. A watan Agusta annoba ta rufe masana'antun Maleshiya, inda ake yi wa cip riga da gwajin ƙarshe. Toyota ta fi kowa jurewa, domin bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwan 2011 a Japan ta wajabta wa masu kawo mata kaya su riƙa ajiye cip na watanni. Duk da haka a Satumban 2021 ita ma ta rage abin da take ƙerawa da kashi 40 cikin 100. Kamfanin bincike na AlixPartners ya ƙiyasta cewa a 2021 kaɗai an rasa ƙera motoci miliyan 7.7, asarar cinikin da ta kai dala biliyan 210.

Abin da dila ya gani

A jihar Kentaki akwai wani filin tseren motoci mai suna Kentucky Speedway. A 2021 Ford ta mayar da shi wurin ajiya. Dubban manyan motocin a-kori-kura sababbi fil, an yi musu fenti, an ɗaura taya, an sa kujeru, suna jere layi-layi a rana suna jiran ɗan akwatin lantarkin da bai fi tafin hannu ba. Yawansu ya kai har ana ganinsu a hotunan tauraron ɗan'adam. A lokaci guda, dilan da ya yi odar waɗannan motoci yana zaune a ofis yana kallon fili babu kaya, abokin ciniki ya ba da kafin alƙalami tun watanni yana bugo waya.

A al'ada, dilolin Amurka gaba ɗaya sukan riƙe sababbin motoci sama da miliyan 3 a filayensu, abin da zai ishe su cinikin kwana sittin ko fiye. A kakar 2021 adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 1. Ciniki ya juya. A da mai saye ne ke taya ƙasa da farashin da kamfani ya rubuta a gilashi, dila na lallashi. A Janairun 2022, alƙaluman kamfanin bincike na Edmunds sun nuna sama da kashi 80 cikin 100 na masu saye sun biya fiye da farashin da aka rubuta. Matsakaicin kuɗin sabuwar mota ya haura dala 47,000 a Disambar 2021. Abin ya kai Ford da General Motors sun gargaɗi dilolinsu cewa duk wanda ya wuce gona da iri wajen ƙarin kuɗi za a rage masa kason motoci.

Abin da zai ba wasu mamaki shi ne manyan diloli sun samu ribar da ba su taɓa samu ba. Dila a can da bashin banki yake cika filinsa, kuma kowace rana da mota ta kwana yana biyan kuɗin ruwa a kanta. Da motoci suka koma ana sayar da su tun suna kan tirela, wannan nauyi ya ragu, ga babu rangwame, ga babu kashe kuɗin talla. Kamfanonin ma haka suka yi: ɗan cip ɗin da suka samu suka zuba shi a motoci masu tsada, suka jingine ƙananan da talaka ke saye. Mercedes-Benz ta sayar da motoci a 2021 ƙasa da na shekarar da ta gabata, amma ribarta ta ƙaru. Wasu kuma suka riƙa cire kaya don mota ta fita. General Motors ta cire na'urar ɗumama kujera a wasu motocinta, BMW ta cire allon taɓawa a wasu, Peugeot ta mayar da tsohon agogon gudu mai allura a ƙirar 308. A shekarar ce Toyota ta wuce General Motors a yawan ciniki a cikin Amurka, matsayin da General Motors ke riƙe da shi tun 1931.

Wanda ya rasa sabuwa sai ya koma kan ta hannu. Kamfanonin ba da hayar motoci, waɗanda suka karyar da motocinsu a 2020 don su tsira, su ma suka shigo gwanjo suna saye. A Yunin 2021 farashin motocin hannu a Amurka ya ɗara na shekarar da ta gabata da kashi 45 cikin 100. Ku riƙe wannan, domin zan dawo kansa idan na zo kan kasuwarmu.

Inda siyasa ta shigo

A Janairun 2021 ministan tattalin arzikin Jamus, Peter Altmaier, ya rubuta wa takwararsa ta Taiwan wasiƙa yana roƙon a sa baki TSMC ta ƙara wa kamfanonin motar Jamus cip. Jamus ba ta da cikakkiyar hulɗar jakadanci da Taiwan, saboda Sin na ɗaukar tsibirin a matsayin yankinta. Amma da masana'antu suka fara tsayawa, dole ta sa aka ƙwanƙwasa ƙofar.

Morris Chang ne ya kafa TSMC a 1987 a Hsinchu, bisa tunanin cewa kamfanin ba zai zana cip nasa ba, zai riƙa ƙera wa wasu ne kawai. Yau fiye da rabin irin wannan aikin kwangila na duniya yana hannunsa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na cip mafi ci gaba daga Taiwan yake fitowa. Tsakanin tsibirin da gaɓar Sin, inda mashigin ruwan ya fi ƙunci, kilomita 130 ne. Duk wanda ya ga atisayen sojan da Sin ta yi kewaye da tsibirin a Agustan 2022, bayan ziyarar Nancy Pelosi, shugabar majalisar wakilan Amurka ta lokacin, ya san me hakan ke nufi. Haka kuma injin da ke zana cip mafi ƙanƙanta, kamfani ɗaya ne a duniya ke ƙera shi, wato ASML da ke Veldhoven a Holan, kowane ɗaya a kan sama da dala miliyan 150. Amurka kuwa, wadda a 1990 take ƙera kashi 37 cikin 100 na cip ɗin duniya, ta sauko zuwa kashi 12 a 2020, sai dai har yanzu manhajojin zana cip da kaso mai yawa na injinan aikin a hannunta suke.

Da wannan ƙarfi ta yi amfani a kan kamfanin Huawei na ƙasar Sin. Ta sa kamfanin a jerin takunkumi a Mayun 2019, a 2020 kuma ta hana duk mai amfani da fasaharta ƙera masa cip. Kafin wa'adin 15 ga Satumba ya cika, Huawei ya yi ta sayen cip yana tarawa, sauran kamfanonin Sin suka bi bayansa don tsoron kada abin ya zo kansu. A Disamba aka sa wa SMIC, babbar masana'antar cip ta Sin, nata takunkumin, abokan cinikinta suka fara neman guri a Taiwan. Wato a daidai lokacin da masu mota suka dawo layi, siyasa ta riga ta ƙara masa tsawo.

Yaƙin Rasha da Yukren a 2022 ya ƙara nasa. Kusan rabin iskar niyon mai tsafta da ake amfani da ita a aikin cip daga kamfanoni biyu take fitowa, ɗaya a Mariupol ɗaya a Odesa, kuma duka sun tsaya. Ita kuma Rasha da aka yanke mata hanyar samun sassa, sai ga kamfanin da ke ƙera Lada yana fitar da motoci babu jakar iska, babu na'urar hana birki kullewa.

Gwamnatoci suka zuba kuɗi. A Agustan 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta ware dala biliyan 52 don dawo da aikin cip gida. Tarayyar Turai ta fito da shirinta na Yuro biliyan 43. TSMC ta gina masana'anta a Arizona, ta buɗe wata a Kumamoto ta Japan a 2024, ta aza harsashin wata a Dresden ta Jamus. Ranar 7 ga Oktoban 2022 Amurka ta hana sayar wa Sin cip mafi ƙarfi da injinan yin sa, daga baya Holan da Japan suka mara mata baya. Sin ta mayar da martani a 2023 da taƙaita fitar da ma'adinan galiyam da jameniyam.

A nan ne nake son ku lura da wani abu da ya shafi mota kai tsaye. Kaso mafi tsoka na kuɗin Amurka ya tafi ne ga cip mafi ci gaba, wanda ake buƙata don ƙirƙirarriyar basira da kayan yaƙi. Sin kuwa, da aka toshe mata wannan hanya, ta karkata jarinta ga tsohuwar fasaha, irin wadda mota ke amfani da ita. Ke nan takunkumin da aka yi don rage dogaro da Sin yana iya ƙara dogaron masu mota da ita.

An ga alamar haka a 2025. Nexperia kamfani ne da ke Nijmegen a Holan, mallakar Wingtech ta ƙasar Sin, yana yin cip mafi sauƙi da araha, irin wanda ake saye da kwabbai. A ƙarshen Satumba gwamnatin Holan ta karɓe ikon sa ido kan kamfanin, ta hanyar wata doka ta 1952. Kwanaki kaɗan bayan haka Sin ta hana fitar da kayan kamfanin daga masana'antarsa ta Dongguan, inda ake kammala mafi yawansu. Kafin Oktoba ya ƙare Honda ta tsayar da masana'antarta ta Meziko, kamfanonin Turai na ƙidaya makonnin da suka rage musu. A wannan karon babu annoba, babu gobara, babu fari. Takardar gwamnati biyu ce kawai.

Ta ina abin ya shafe mu

Mafi yawan motocin da ke kan titunanmu tokumbo ne, kuma kaso babba daga gwanjon Amurka ake sayo su, a sauke a tashoshin Legas ko Kwatano. Saboda haka lokacin da farashin motocin hannu ya tashi a can a 2021, dilanmu da ke taya mota ta intanet yana gogayya ne da Ba'amurken da ya rasa sabuwa. Amma a faɗi gaskiya, ba cip ne kaɗai ya tsauwala farashin mota a Najeriya ba. Faɗuwar naira daga kusan 460 a kan dala kafin Yunin 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, da tashin kuɗin fito a kwastan da ya biyo baya, sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Tasirin cip a kanmu jinkirtacce ne. A 2019 an sayar da sababbin motoci miliyan 17 a Amurka. A 2021 aka sayar da kusan miliyan 15, a 2022 ƙasa da miliyan 14. Motar da ba a ƙera a 2021 ba, ba za ta taɓa zama tokumbo ba. Mu kan sayi mota bayan ta yi shekara biyar zuwa goma a can, don haka giɓin waɗancan shekaru zai ratsa kasuwarmu daga yanzu har zuwa farkon shekarun 2030. Ga shi kuma waɗanda aka ƙera ɗin sun fi karkata ga manya masu tsada da shan mai, ga Amurkawa sun ƙara riƙe motocinsu, har matsakaicin shekarun mota a titunansu ya kai 12.6 a 2024. Wanda zai sayi ƙirar 2021 ko 2022 kuma ya duba da kyau, domin mota biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya suna iya bambanta a kayan da aka sa musu.

Shawarata ga diloli uku ce. Kada hanyar samun kayanku ta zama ɗaya tak. Wanda ya san kasuwar Amurka kaɗai ya fara koyon ta Japan da Koriya ta Kudu da Dubai da Sin. Ku riƙa bin labarin Taiwan da takunkuman fasaha yadda kuke bin farashin dala, domin abin da aka yanke a can yau shi ne farashin gwanjo bayan wasu watanni. Sannan ku haɗa kai da makanikai a horar da matasa kan lantarkin mota da gyaran ƙwaƙwalwarta, tunda motocin da ke tafe sun fi na da yawan cip, kuma za mu daɗe muna hawansu fiye da yadda muka saba. Ga ɗalibanmu na injiniya kuma, gina masana'antar dala biliyan 20 ba ta cikin abin da ƙasashenmu za su iya a yanzu, amma zana cip da gwada shi da rubuta manhajar da ke tafiyar da shi ayyuka ne da ilimi da kwamfuta ke buɗe ƙofarsu.

A nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.